Yadda Ake Nazarin Fim: Kallon Ƙurilla Mataki-Mataki

Sharhin fim na farko da na taɓa rubutawa ya cika shafi huɗu. Na kai wa wani malamina na adabi, ya karanta a tsanake har ƙarshe, ya miƙo mini takarduna ya ce, "Da a rediyo aka sa fim ɗin nan, da abin da za ka rubuta ke nan. To idonka fa, me ya gani?" Na rasa ta cewa. Labarin kam na kwashe shi tsaf: wane ya so wance, iyaye suka hana, aka sha kuka, aka shirya. Na rufe da darussa uku da fim ɗin ke koyarwa. Amma ko launin mayafin jarumar ban riƙe ba, balle inda kyamara ta tsaya lokacin da mahaifinta ke yanke hukunci.

Har gobe yawancin hirar da muke yi kan fim a majalisa haka take: labari, sai darasi, sai ko jarumi ya burge. Ba laifi ba ne, amma rabin aiki ne. Duk abin da ya bayyana a allo akwai wanda ya ajiye shi a nan. Wani ne ya ce kyamara ta tsaya a bakin ƙofa maimakon tsakar ɗaki, wani ya ce a yanke hoto a nan, wani ya sako kiɗa ko ya bar shiru. Nazarin fim shi ne bin sawun waɗannan zaɓe-zaɓe, kana tambayar me ya sa aka yi haka, kuma me hakan ya yi wa mai kallo. Ga yadda nake bi, kuma ga yadda nake koya wa ƙannena masu sha'awar abin.

Mataki na ɗaya: zaɓi fim, ka tanadi kaya

Fara da fim ɗin da ya taɓa maka zuciya, ko wanda ya ɓata maka rai ƙwarai. Wanda ka kalla ka tashi ba yabo ba fallasa ba zai riƙe ka har kallo uku ba, kuma aikin nan sai da kallo uku aƙalla. Idan fim ne mai dogon zango, kashi ɗaya ya ishe ka.

Kayan aiki ba su da yawa: littafin rubutu da biro, abin sauraro na kunne, da waya ko kwamfuta da za ka iya tsayar da hoto ka mayar da shi baya, kana ganin minti da daƙiƙa. Nemi kwafi mai kyau. Wanda aka yi ta turawa daga waya zuwa waya har ya dusashe zai sa ka zargi mai ɗaukar hoto da laifin da ba nasa ba. A shafin farko rubuta sunan fim, shekararsa, darakta, marubuci, furodusa, mai ɗaukar hoto da mai tace hoto. Sunayen nan da ke gudu a ƙarshe, waɗanda kowa ke tashi ya bari, zauna ka karanta su.

Mataki na biyu: kallon farko, ba biro a hannu

Kalla kamar kowa, daga farko har ƙarshe, ba tsayarwa. Yi dariya in ta zo, ji haushi in ya zo. Ana gamawa, kafin ka yi magana da kowa ko ka karanta ra'ayin wani, ɗauki minti goma ka rubuta abu uku: hotunan da suka maƙale maka a ido, wurin da hankalinka ya tashi ko ya kwanta, da wurin da ka fara duba waya don gajiya. Adana wannan shafi. Duk sauran aikin ƙoƙari ne na gano abin da ya haddasa abin da ka rubuta a nan.

Mataki na uku: fitar da ƙashin bayan fim

A kallo na biyu biro ya shigo. Duk inda wuri ko lokaci ya sauya, sabuwar fitowa ce, wadda 'yan fim ke kira sin. Ba ta lamba, rubuta mintin da ta fara, inda ake, su wa ke ciki, da abin da ya canja a layi ɗaya tak. Misali: "7. Minti 18:40. Zaure. Kawu da maigida. An tsayar da ranar aure ba da sanin yarinya ba." Idan ka nemi abin da ya canja ka rasa, sa alama. Fitowar da aka shiga aka fita ba abin da ya motsa, cikon lokaci ce, kuma in ka ƙirga irinta za ka gane dalilin gajiyar da ka rubuta jiya.

Aiki ne mai cin rai, na sani, amma shi ke raba mai nazari da mai hira. Da jerin ya kammala za ka ga fim ɗin gaba ɗaya a shafi biyu, kamar wanda ya hau Dala yana hangen unguwanni. A nan za ka bambance abu biyu da ake cakuɗawa: labari, wato abubuwan da suka faru bi da bi, da zubi, wato yadda fim ya jera maka su. Fim na iya farawa da jana'iza sannan ya koma baya shekara goma. Da zarar ya yi haka ya sauya tambayar da ke ranka, daga "me zai faru?" zuwa "yaya aka yi hakan ta faru?" Duba kuma wa ya san me, kuma yaushe. Idan mai kallo ya ga an zuba wani abu a kwanon miya amma jarumi bai gani ba, fargaba ake ginawa. Idan an ɓoye mana tare da shi, mamaki ake nema.

Kalmomin da aka koya mana a ajin adabi suna aiki a nan: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo. Sai dai a kula da jigo. "Haƙuri" ba jigo ba ne tukuna, suna ne kawai. Me fim ɗin ya ce game da haƙuri? Wa aka ɗora wa shi, wa aka sauke wa? Wa ya ci riba a ƙarshe, wa aka hukunta, wa aka manta da shi a hanya? Sau da yawa wa'azin da wani dattijo ke yi a fitowar ƙarshe daban, abin da zubin fim ɗin ya nuna daban. Gaskata zubin.

Mataki na huɗu: ɗauki fitowa ɗaya ka feɗe ta har wutsiya

Nan ne zuciyar aikin, don haka zan daɗe a kansa.

Koma shafinka na kallon farko, zaɓi fitowa ɗaya da ta kama ka, mai minti biyu zuwa huɗu. Kashe sauti ɗungurungum. Kalle ta shiru sau biyu. Da farko za ka ji wani iri, don mun saba kunne ke jan mu, amma nan da nan ido zai farka.

Sannan ka raba ta ɗauka-ɗauka. Ɗauka ita ce hoton da ke gudana ba yankewa, daga yanka zuwa yanka. Ga kowace ɗauka, rubuta tsawonta da daƙiƙa, ka amsa waɗannan: yaya nisan kyamara da mutum, ɗaukar nesa ce da ke nuna wuri duka, ko ta tsaka-tsaki daga ƙugu zuwa sama, ko ta kusa da fuska ta cika allo? Kyamara na sama tana leƙo shi, ko tana ƙasa tana ɗaga kai gare shi? A tsaye take ko tana tafiya? Daga ina haske ke zuwa? Me ke gaba, me ke baya, wa ke tsakiya, wa aka tura gefe?

Bari mu ƙirƙiri fitowa don a gani a aikace. Uba ya kira 'yarsa zai gaya mata ya ba da ita. Darakta na farko ya dasa kyamara a gabansu, su biyu a kan kujera ɗaya ta falo, fitila ta haske ko'ina fes, uba ya yi jawabinsa, 'ya ta fashe da kuka, aka matso da kyamara kan hawaye. Saƙo ya isa.

Darakta na biyu ya fara da ɗaukar nesa ta daƙiƙa 12 daga bakin ƙofa. Uba na can ƙurya a kan darduma, carbi a hannu, hasken taga ya raba fuskarsa biyu. 'Yar ta cire takalmi, ta durƙusa dab da ƙofa, tsakaninsu tabarma guda ba kowa a kanta. Sai aka yanko uban daga ƙasa, daidai inda idonta zai gan shi da ta ɗaga kai, amma ba ta ɗaga ba. Lokacin da ya faɗi sunan mijin, ba a nuna fuskarta ba sam. Hannunta aka nuna yana murza gefen hijabi, sai murzar ta tsaya cak. Ɗauka ta ƙarshe, ƙasan labule ne, da ƙafafun uwa a tsaye a bayansa, suka juya suka tafi.

Takarda ɗaya aka ba su, kalmomi ɗaya aka furta. Amma na biyun ya gaya maka abin da ba a rubuta ba: tazarar da ke tsakanin uba da 'ya, kunyar da ta hana ta magana, da uwar da ta ji komai amma kara ta hana ta shiga. Wannan tabarmar da ba kowa a kanta ita ce irin abin da mai nazari ke farauta.

Tsayin kyamara ma magana ne. Daraktan Japan Yasujiro Ozu, wanda ya yi Tokyo Story a 1953, ya shahara da ajiye kyamararsa ƙasa-ƙasa, kusan daidai idon wanda ke zaune a kan tabarmar gidajensu, kuma da wuya ya motsa ta. Mai kallo sai ya ji kamar baƙo ne da aka shimfiɗa wa a cikin ɗakin. Mu ma mutanen tabarma ne. Idan ka ga fim ɗin Hausa ana zaune a ƙasa amma kyamara na tsaye tana kallon ƙoƙon kan mutane, tambayi kanka: da gangan ne, ko dai ba a sauke ƙafafun kyamarar ba ne kawai?

Haske kuma yana da tarihin da ya shafe mu kai tsaye. A baya, kamfanin Kodak ya shafe shekaru da yawa yana daidaita launin hotunansa da katin da ke ɗauke da hoton farar mace, don haka kayan aikin kansu ba a gina su da baƙar fata a zuciya ba. Haskaka baƙar fata har ta fito da shekinta gwaninta ce ta musamman. Duba ko fuskokin sun fito da kyau, ko an wanke su da fitila har sun yi toka-toka, ko sun nutse a duhu saboda farar shadda ta janye hasken. Duba kuma wa aka haskaka da kulawa a fim ɗin, wa aka bari haka nan.

Sai yanka. Wajen 1920, wani ɗan Rasha mai suna Lev Kuleshov ya ɗauko hoton fuskar jarumi Ivan Mosjoukine, fuska ba yabo ba fallasa, ya haɗa ta da hotuna daban-daban, ciki har da kwanon miya da akwatin gawa. Masu kallo suka ga yunwa a nan, suka ga baƙin ciki a can, alhali fuskar ɗaya ce. Ke nan ma'ana ba a cikin hoto ɗaya kaɗai take ba, tana haihuwa ne a inda hoto biyu suka haɗu. Saboda haka a kowace yanka tambayi: me ya gabata, me ya biyo, me haɗuwarsu ta sa na ɗauka? Wani lokaci yabon da muke yi wa jaruma, rabinsa na mai tace hoto ne da ya san abin da zai liƙa bayan fuskarta.

Yi ɗan lissafi. Ƙirga ɗaukar da ke cikin fitowar, ka raba tsawonta da adadinsu. Daƙiƙa 180 da ɗauka 30, matsakaicin tsawo daƙiƙa 6 ke nan. Masanin fim David Bordwell ya nuna cewa a fina-finan Amurka na tsakanin 1930 da 1960 matsakaicin na kaiwa daƙiƙa 8 zuwa 11, amma zuwa ƙarshen ƙarni ya sauko zuwa 3 zuwa 6. Lambar kaɗai ba ta cewa komai. Amfaninta shi ne kwatance: ina fim ɗin ya yi sauri, ina ya ja numfashi, kuma hakan ya dace da abin da ke faruwa?

Gargaɗi guda, musamman ga mai nazarin fina-finanmu da ake yi da ƙaramin jari. Ba kowane abu ne hikima ba. Wani duhun, janareta ne ya tsaya. Wata doguwar ɗaukar, rana ce ta kusa faɗuwa kuma gobe mai gida zai karɓi gidansa. Yadda nake rarrabewa shi ne maimaici: idan abu ya dawo sau uku a wuraren da suka yi kama da juna a ma'ana, salo ne. Idan sau ɗaya ya faru a inda bai da dalili, bar shi a matsayin tuntuɓe, kada ka gina masa bene.

Mataki na biyar: rufe ido, buɗe kunne

Yanzu juya abin. Mayar da sauti, ka kau da kai daga allo. Sauti iri huɗu za ka tsinta: magana, kiɗa, ƙarar wuri, da shiru. Rarrabe wanda mutanen cikin fim ke ji, kamar kiran sallah ko rediyon mai shayi, da wanda mai kallo kaɗai ke ji, kamar kiɗan tausayi da ke tasowa in za a yi kuka. Lura da daƙiƙar da kiɗan ya shigo. Kafin maganar ne, yana gaya maka abin da za ka ji, ko bayanta, ya bar ka ka ji da kanka? Ni dai ina ganin fina-finanmu da yawa na tsoron shiru, alhali a gidan Bahaushe shiru ma magana ce.

Saurari Hausar kanta. Wa ke Kananci, wa aka ba Sakkwatanci ko Katsinanci, kuma don a yi dariya ne ko don can labarin yake? Wa ke surka Ingilishi, kuma me hakan ke nunawa game da matsayinsa? 'Ya tana ce wa mahaifinta "Baba", "Abba" ko "Dadi"? Kalma ɗaya ta gaya maka unguwarsu da makarantar da ta yi.

Waƙa kuwa, kada ka tura ta gaba. A Kannywood akan fara ɗaukar waƙar a situdiyo da muryar mawaƙa da kiɗan fiyano, sannan jarumai su hau kai suna motsa baki. Tambayar ita ce, me waƙar ta yi wa labarin? Sau da yawa ita ce kaɗai filin da saurayi da budurwa ke faɗin abin da kunya ta hana su faɗa a zaure, shi ya sa ake kai ta lambu ko mafarki, a sauya kaya sau uku. Gwada cire ta a ranka. Idan labarin ya rasa wani abu, tana aiki. Idan bai rasa komai ba, don kasuwa aka sa ta, kuma wannan ma abin rubutawa ne.

Mataki na shida: fita daga fim ka dubi inda aka haife shi

Fim ba daga sama yake faɗowa ba. Kuɗi, doka, na'ura da masu kallo duk suna da hannu a siffarsa, kuma wanda bai san wannan ba zai yi ta yabo da zargi a inda ba su dace ba.

Ɗauki namu. Kafin sinima ta zauna da gindinta, majigi ne ke yawo gari-gari da fina-finan gwamnatin mulkin mallaka na wayar da kai. An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya ta ci rayuka 331, kuma da yawa suka ɗauke ta a matsayin ishara. Tun daga tushe ke nan gidan kallo na ɗauke da tambarin zargi, kuma wannan zargin bai bar 'yan fim ba har yau. Daga shekarun 1950 'yan kasuwa Labanawa suka riƙa shigo da fina-finan Indiya, suka karɓu fiye da zato. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna dalilin: auren dole, biyayya ga iyaye, kunya tsakanin mace da namiji, duk Bahaushe ya ga nasa a ciki fiye da yadda ya gani a fim ɗin Amurka. Har 'yan bandiri suka ari karin waƙoƙin Indiya suka ɗora yabon Annabi a kai.

A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim, wanda aka gyara aka sake nunawa a bikin fina-finai na Barlin a 2018. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, daga nan kasuwar bidiyo ta buɗe. Sunan Kannywood ya fito a mujallar Tauraruwa a 1999, shekarar da mujallar Fim ta fara fita. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano.

Me wannan zai amfana maka a nazari? Komai. Idan fim na zamanin faifai ya katse a tsakiyar rikici aka ce sai kashi na biyu, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, masu sayar da faifan, na cikin dalilin. Idan fim mai dogon zango na YouTube ya cika da ɗaukar kusa, tuna cewa a allon waya ake kallonsa, inda ɗaukar nesa ke zama tururuwa. Idan miji ya dawo daga doguwar tafiya bai ko riƙe hannun matarsa ba, ƙa'idar tace fim ce, kuma abin dubawa shi ne da me darakta ya maye gurbin taɓawar: kallo, kofin ruwa, ko karɓar jaka. Ba mu kaɗai ba ne. Amurka ta yi aiki da tsattsaurar dokar tace fim daga 1934 zuwa 1968, Iran kuma bayan 1979 ta hana taɓa juna tsakanin mace da namiji a allo, kuma a duka biyun daraktoci sun ƙware a nuni cikin hikima.

Haka batun wankiya, wato ɗauko fim ɗin Indiya a yi masa rigar Hausa, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana bibiya. Cewa "an kwaikwaya" ba nazari ba ne, farkon nazari ne. Ajiye su biyun gefe da gefe ka ga me aka cire, me aka ƙara. Namiji ɗaya tsakanin mata biyu, a can sai ɗaya ta mutu ko ta janye. A nan akwai ƙofar da ba su da ita, ya auri duka biyun, sai rikicin ya tashi daga soyayya ya koma kishi. A irin wannan sauyin ake ganin Bahaushen da ke cikin fim ɗin.

Kuma ka faɗaɗa kallonka. A Nijar, Oumarou Ganda ne ya fara cin babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a Wagadugu a 1972. A Senegal, Ousmane Sembène ya yi Mandabi da harshen Wolof a 1968. Wanda ya ga yadda maƙwabta suka ɗauki tsakar gida da kasuwa zai dawo wa namu da sabon ido.

Mataki na bakwai: tambayar al'ada

"Wannan ba al'adarmu ba ce." Ba jimlar da aka fi jifan fim da ita kamar wannan, kuma wani lokaci gaskiya ce. Amma mai nazari sai ya ƙara tambaya: al'adar wa, ta yaushe? Ta cikin badalar Kano, ta unguwar Nasarawa, ta ƙauyen Damagaram, ko ta zangon Kumasi? Fim ba madubi ba ne da ke nuna rayuwa yadda take. Ya fi kama da mafarki, yana nuna abin da mutane ke buri da abin da suke tsoro. Manyan falo da motocin da suka cika allo ba shaida ba ne cewa haka muke zaune, shaida ne kan abin da ake so a gani.

Don haka ka ƙirga. Mata nawa ne ke da sana'a a fim ɗin, kuma an nuna su suna yinta? Daga ina kuɗin Alhaji ke zuwa, an taɓa faɗa? Baƙauye, mai gadi, 'yar aiki da wanda ba Bahaushe ba, mutane ne masu nasu labarin ko abin dariya ne? Bazawara da uwar miji fa, fuska ɗaya ake ba su kullum? Malami da boka, yaya aka raba su a sutura da haske? Sannan wa babu shi sam? Manomi, alal misali, wanda shi ne mafi yawanmu. Kowace amsa ka ɗaure ta da minti da daƙiƙa. Ra'ayin da ka shigo da shi daga waje, ajiye shi har hoton ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Idan da hali, sake kallon fim ɗin tare da wasu, ka kalle su su ma. Na taɓa zama da gwaggona muna kallon wata fitowa da na riga na yanke cewa cikon lokaci ce, amarya na jera kwanuka a kabad kusan minti biyu. Gwaggo ta matso, ta ce, "Ka ga, ba uwa a bayan yarinyar nan. Dubi kayan." Ta karanta maraici da talauci a cikin kwanukan da ni ban ga komai a cikinsu ba. Na koma na goge alamar da na sa.

Mataki na takwas: rubutawa

Kada ka juye duk abin da ka tara. Nemi magana ɗaya da za ka iya karewa, wadda wani mai hankali zai iya musantawa. "Fim ɗin ya yi kyau" ba ta isa ba. "Fim ɗin na cewa yana tare da matar, amma duk lokacin da za a yanke shawara kyamara na komawa kan mijin" magana ce da za a iya gwadawa.

Taƙaita labarin a sakin layi ɗaya, iya abin da mai karatu ke buƙata. Sannan kawo hujja biyu ko uku, kowace ka fara da siffanta abin da aka gani ko aka ji, da mintinsa, kafin ka faɗi fassararka. Kawo fitowar da ta saɓa wa ra'ayinka, ka amsa ta, ko ka rage kaifin maganarka. Raba jarumi da rawar da ya taka, kuma ka bar rayuwarsa ta gida a inda take, aikinsa aka ba ka. Idan ka ga aibi, faɗi wurinsa da abin da ya jawo shi, ta yadda darakta zai iya amfana in ya karanta. Idan ka ga gwaninta, kira sunan mai ita, ko da mai riƙe fitila ne.

Kafin ka saki rubutun, buɗe fim ɗin karo na ƙarshe, takardarka a hannu, ka bi mintocin da ka ambata ɗaya bayan ɗaya. Kusan kullum za ka tarar da wuri ɗaya da ƙwaƙwalwa ta yi maka ƙari: ka rubuta cewa ta juya baya kafin ya yi magana, ashe bayan ya gama ne, ko ka ce shiru aka yi, ashe akwai kiɗa can ƙasa-ƙasa. Gyara shi, sannan ka duba ko fassarar da ka ɗora a kai tana nan tsaye.